Za ka hau jirgi zuwa ƙasar waje? Ka bar kunya a zaure kafin ka shiga ikonomi

Duk mun san hoton. Fiffiken jirgi ta taga, gajimare a ƙasa kamar an baza auduga, sai a rubuta "Alhamdulillah" a jera alamar jirgi guda uku. Kafin a sauka an samu laik ɗari biyar, 'yan uwa na ta "Allah ya tsare hanya", abokai na ta "kar a manta da tsarabarmu". Abin da ba a ɗorawa a Facebook ko TikTok shi ne ƙafar da ta sage, da wuyan da ya ƙage, da fitsarin da aka riƙe awa uku saboda ana jin nauyin tashin bawan Allahn da ke barci a kujerar gefe, da kwalbar turaren da aka baro a wurin bincike ana ji ana gani.

Ni ma na ɗora irin hoton, ba zan yi muku ƙarya ba. Amma tun daga tafiyata ta farko, wadda na yi zuwa Umara, na gane wani abu: a ajin ikonomi, wato ajin gama-gari da yawancinmu muke iya biya, ba matsin kujera ne babbar matsalar ɗan cikin birni ba. Babbar matsalarmu kunya ce. Kunyar cewa a'a, kunyar tambaya, kunyar kada a gane cewa yau ne karonmu na farko. Kunya ado ce a cikin gida da unguwa, amma a hanyar jirgi tana iya jawo maka asarar kuɗi, ko asarar jirgi, ko abin da ya fi haka muni.

Don haka idan kana shirin fita karatu Masar ko Indiya, ko saro kaya a Dubai ko Chana, ko Umara, ga abin da za ka tarar, daki-daki.

Mu da jirgi ba yau muka saba ba

Da farko ka kwantar da hankalinka, ba wani sabon abu za ka yi ba. A ranar 1 ga Nuwamban 1925 ne jiragen sojan saman Birtaniya guda uku da suka taso daga Masar suka sauka a Kano, kuma su ne jirage na farko da suka taɓa sauka a ƙasar nan. Filin jirgin da yau ake kira na Malam Aminu Kano ya fara aiki a 1936, babu wanda ya kai shi daɗewa a Najeriya. Ko sunan Wapa, inda za ka je canjin dala da riyal a Fagge, daga sunan kamfanin jigilar alhazan Afirka ta Yamma ya samo asali, wanda su Alhaji Mahmudu Ɗantata suka kafa.

Kafin zuwan jirgi kuwa, kakanninmu da ƙafa da jakuna da raƙuma suke bi ta Borno da Chadi da Sudan, su tsallaka Bahar Maliya. Wani sai ya yi shekaru a hanya, wani ma ba ya dawowa. Da yawa daga Hausawan da ke Sudan a yau jikokinsu ne. Tafiyar da ta ci shekarun mutane, kai a cikin 'yan awanni za ka yi ta, a zaune, ana kawo maka shayi. Ka riƙe wannan a ranka lokacin da gwiwarka ta fara tokarar kujerar gaba.

Daren tafiya: maganar saƙo

A nan tafiyar take farawa, ba a filin jirgi ba. A cikin birni ba a ɓoye tafiya. Kai dai ka gaya wa mutum ɗaya a majalisa, kafin Magariba labari ya zaga lungu. Daga nan sai sallama ta fara yawa a zaure.

A daren da zan tafi, wata dattijuwa maƙwabciyarmu, wadda ta goya ni ina jariri, ta shigo da ƙunshi an naɗe shi da leda baƙa, an zagaye shi da salatif kamar ba za a sake buɗewa ba.

"Ɗan nan, ga ɗan saƙo ka kai wa yayarka a Makka. Ba nauyi, kayan miya ne."

Ni har na miƙa hannu biyu na karɓa. Yayana ne ya ce, "Hajiya, ki yi mana haƙuri, sai an buɗe. Doka ce, ko kayan Umma sai mun buɗe."

Ranta bai so ba, ni kuma ji na yi kamar ƙasa ta tsage in shige. Aka kawo reza. Akwai kuka, akwai yaji, akwai daddawa, gaskiyarta. Amma akwai goro, wanda hukumar alhazai ta sha gargaɗi cewa Saudiyya ta hana shiga da shi. A can ƙasa kuma akwai wata 'yar leda da ƙwayoyin magani farare, ba kwali, ba suna, ba takardar likita. Ita kanta Hajiya salati ta yi. Ta ce wani ne ya ji za ta aika saƙo ya kawo, wai maganin ciwon ƙafa ne a ba ɗan uwansa. Wataƙila maganin ciwon ƙafar ne. Amma da a Jidda aka buɗe, wa zai tsaya ya yi wannan bayanin a madadina?

Ba tsoratarwa nake ba. A watan Disambar 2018 an kama wata ɗalibar jami'a 'yar Kano a Saudiyya, ta je Umara tare da mahaifiyarta da 'yar uwarta, bayan an samu ƙwayar tiramadol a wata jaka mai ɗauke da sunanta. Binciken hukumar NDLEA ya gano cewa jakar ba tata ba ce, wasu ne a filin jirgin Kano suka liƙa mata sunanta ba da saninta ba. Sai da ta yi kimanin wata huɗu a tsare kafin a sake ta a ƙarshen Afrilun 2019, bayan gwamnatin tarayya ta sa baki. A cikin wannan watan na Afrilu ne kuma Saudiyya ta zartar da hukuncin kisa kan wata 'yar Najeriya saboda safarar ƙwaya. Abin ba wasa ba ne.

Ita waccan ɗalibar ko saƙon kowa ba ta karɓa ba, amma ta shiga wannan halin. To ina ga wanda ya ɗauka da hannunsa ya sa a akwatinsa? Ƙa'idar a taƙaice: duk abin da ba ka gani da idonka ba, ba ya shiga kayanka. Ka buɗe a gaban mai shi. Magani kuwa, in ba naka ba ne, cikin kwalinsa, da takardar likita, ka bar shi. Wanda zai yi fushi don ka buɗe saƙonsa, gara fushinsa da zaman kurkuku a ƙasar da ba ka jin yarenta. Haka a filin jirgi, idan wani ya matso ya ce kilonsa ya yi yawa ka taimaka ka ɗaukar masa jaka ɗaya, ko da rawani a kansa, ko da tsohuwa ce mai carbi, ka ce Allah ya ba da haƙuri.

Kilo da abin da ke shiga jakar hannu

Ka buɗe tikitinka ka karanta, a rubuce yake. A ikonomi yawanci akwati ɗaya ba ya wuce kilo 23, kuma kamfanoni da dama da ke tashi daga Najeriya suna ba da akwati biyu, amma akwai tikiti mai araha da ɗaya kacal ake bayarwa. Jakar hannu kuma wajen kilo 7 ce. Kar ka ce tunda an ba ka biyu za ka haɗa kilo 40 a guda ɗaya, ba haka lissafin yake ba. Ka auna tun a gida, ko da sikelin mai shagon unguwa ne, domin kuɗin ƙarin kilo a filin jirgi yana da zafi, kuma babu abin da ya kai ka durƙusa a tsakiyar jama'a kana fito da atamfa da garin kunu kana neman wanda za ka bar wa. Wasu kamfanonin ma sun daina karɓar jakar Gana-mas-go, saboda tana maƙalewa a na'urar da ke jan kaya.

Duk wani abu mai ruwa da zai shiga jakar hannu, kwalbarsa kada ta wuce mililita 100. Kwalbar ake dubawa, ba abin da ya rage a ciki ba. Ni a nan na rasa turaren da na saya a Kurmi musamman don tafiyar. 'Yan mata, humra da man shafawa da zuma da man shanu duk a babban akwati za su tafi, a ɗaure su da kyau cikin leda biyu, kada su fashe su ɓata miki lefen da kika yi wa kanki. Almakashi da reza da wuƙar yanka lemo su ma haka.

Fawa bank kuma akasin haka ne: ba a sa shi a akwatin da zai shiga ƙarƙashin jirgi, dole yana jikinka, saboda batirinsa na iya kamawa da wuta, kuma a sama an fi iya ganinsa a kashe. Manya-manyan nan da muke saye saboda rashin wutar lantarki, waɗanda suka haura kusan 27,000 a rubutun jikinsu, ana iya hana ka wucewa da su. Fasfo, kuɗi, waya, kwamfuta, takardun makaranta, maganin da kake sha da kaya kala ɗaya na canji, duk su zauna a jakar hannu. Akwati na iya makara, kai ka riga shi isa.

Kilishi da dambun nama fa? Ya danganta da inda za ka. Ingila da Amurka da ƙasashen Tarayyar Turai sun hana matafiyi daga nan shiga da nama. In ka ɓoye aka gani, a ƙwace kuma a iya cin tararka. Ka bincika dokar ƙasar tun kafin ka kashe kuɗinka.

A filin jirgi: ƙirga akwatunanka

Ka isa awa uku kafin lokacin tashi. Daga cikin birni filin jirgin ba nisa, amma ka san halin cunkoson Ƙofar Mazugal da titin Katsina, kuma ana rufe karɓar kaya wajen awa ɗaya kafin tashi. Jirgi ba motar tasha ba ce da za ka kira direba ka ce ga ka nan a Ƙofar Mata.

Takardunka su kasance a hannu: fasfo da ya rage masa aƙalla wata shida, biza, tikiti, da katin rigakafin cutar shawara, wanda ake kira yalo kad. Allurar sai ta kwana goma kafin katin ya fara aiki, don haka ba a jajibirin tafiya ake yin ta ba. Masu Umara akwai ta sanƙarau. Ka ɗauki hoton duka ka ajiye a waya, ka kuma buga a takarda, domin caji na ƙarewa a daidai lokacin da bai kamata ba. Idan kana ɗauke da kuɗin da ya haura dala 10,000 ko kwatankwacinsu, dole ka bayyana wa kwastam.

Za ka bi ta hannun jami'an NDLEA da kwastam da na shige da fice, kowa da tambayarsa. Ka amsa a natse, ina za ka, me za ka je yi, yaushe za ka dawo.

Ga wurin da nake so ka buɗe ido sosai. Idan aka auna akwatunanka, za a liƙa wa kowanne doguwar takarda mai lamba, a ba ka 'yar ƙaramar shaida ta kowanne. Ka ƙirga. Akwati biyu ka kawo, shaida biyu za a ba ka, kuma ka tambayi ma'aikacin da bakinka: nawa ne a rubuce da sunana? Ka ɗauki hoton akwatunan a kan sikeli, da hoton shaidar, ka tura wa wani a gida ta WhatsApp. Kada ka ba kowa fasfonka ya je ya yi maka wannan aikin kana zaune kana danna waya, ko da ejan ɗin da ya yi maka biza ne. Minti biyu ne, amma ranar da magana ta taso, su ne shaidarka.

Daga nan sai a ba ka katin shiga jirgi. Abu uku za ka duba a kai: lambar ƙofa, lokacin fara shiga, da lambar kujera.

Kujerar da ka biya

Da ka shiga za ka wuce ta gaban wasu manyan kujeru masu faɗi, mutanen ciki har an ba su lemo. Malam, ci gaba da tafiya, ba nan ba ne. Naka yana bayan labule.

Kujerar ikonomi faɗinta wajen inci 17 zuwa 18 ne, tazarar da ke tsakanin layi da layi kuma inci 30 zuwa 32. Wanda ya taɓa zama a bayan Sharon daga Unguwa Uku zuwa Abuja ba zai ga abin mamaki ba, sai dai a nan ba a tsayawa a Zariya a miƙe ƙafa. Lamba ita ce layi, harafi shi ne kujera, kuma A a gefen taga take. Ka zauna a taka. In ka tarar da wani a kai, ka nuna masa katinka cikin ladabi, in ya ƙi ka kira ma'aikaciyar jirgi, aikinta ne.

Kowa taga yake so saboda hoto. Amma in kai dogo ne, ko mai yawan zagayawa, kujerar bakin hanya ta fi maka. Ta tsakiya ita ce ta marasa gata, kuma ita ake bar wa wanda bai zaɓa ba. Yawancin kamfanoni suna buɗe rajistar shiga ta intanet kwana ɗaya ko biyu kafin tafiya, a nan za ka iya zaɓa, wani lokacin kyauta, wani lokacin da kuɗi. 'Yar uwa, idan kin tsinci kanki tsakanin maza biyu kuma ba ki saki jiki ba, ki gaya wa ma'aikaciya tun kafin a tashi. Ba dole ba ne a samu canji, amma sau da yawa ana samu, kuma ba ke ce ta farko da ta nema ba.

Kujerar tana ɗan kwantawa baya, akwai maɓalli a hannunta. Ka waiga kafin ka danna, kada ka kifar wa na baya shayi a cinya, kuma ka ɗaga ta lokacin cin abinci da tashi da sauka.

Tashi, kunne da gargada

Idan ma'aikata suka fara nuna yadda ake ɗaura bel da sa abin numfashi, yawancin mutane sai su sunkuyar da kai a waya don a ce sun saba. Kai ka kalla. Ka duba ƙofar gaggawa mafi kusa da kai. A ranar 2 ga Janairun 2024 wani jirgin Japan Airlines ya kama da wuta bayan karo da wani jirgin a filin Haneda na Tokyo, amma duk mutum 379 da ke cikinsa suka fita da rai. Cikin dalilan da aka yi ta ambata har da cewa fasinjojin sun bi umarni, ba su tsaya ɗaukar jaka ba.

Ka danna alamar jirgin nan da ke wayarka kafin a tashi. Za ka ji ƙarar inji ta ƙaru, a manna ka da kujera, cikinka ya ɗan yi wani iri. Ga wanda mafi tsayin abin da ya taɓa hawa shi ne Dutsen Dala, jin an ce kana ƙafa 35,000 a sama ba ƙaramin abu ba ne. Yi addu'arka, babu wanda zai yi maka dariya, na kusa da kai ma ita yake yi a ɓoye.

Kunnenka zai toshe, musamman wajen sauka, saboda canjin matsin iska. Ka yi hamma, ka haɗiyi yawu, ko ka tauna cingam. Mai jariri ta ba shi mama a lokacin. Idan kana mura abin ya fi ciwo, ka nemi shawarar likita kafin ranar.

Sai gargada. Jirgi zai riƙa girgiza kamar adaidaita sahu ta faɗa lungun da ruwa ya cinye. Iska ce kawai, jirage an ƙera su ne don su jure ta. Wanda ke jin ciwo shi ne wanda bai ɗaura bel ba. A watan Mayun 2024 wani jirgin Singapore Airlines da ya taso daga Landan ya gamu da mummunar gargada, mutum ɗaya ya rasu, gommai suka jikkata, da yawansu saboda an wurga su sama sun bugi rufi. Matuƙar kana zaune, bel ɗinka ya kasance a ɗaure, ko da sako-sako.

Abinci, ruwa, banɗaki da salla

Abincin da za a kawo maka yana cikin kuɗin tikitinka a yawancin manyan kamfanoni. Na faɗi haka ne saboda na ga wanda ya ce ya ƙoshi, alhali tsoron a kawo masa lissafi da dala yake. Za a tambaye ka kaza ko naman sa ko kifi, a ba ka ɗan tire: shinkafa ko taliya, burodi, ɗan ganye, ɗan kek. Ba zai kai maka ko'ina ba idan ka saba da malmala uku, kuma ba yaji. Ka ci abinci a gida, ka riƙe dabino ko biskit. Sai dai kamfanoni masu araha sukan sayar da abincin ne, ka duba tikitinka.

Kamfanonin ƙasashen Larabawa irin su Saudia da EgyptAir da Qatar Airways abincinsu na halal ne. A wasu kamfanonin kuma akwai abincin Musulmi da ake nema tun wajen sayen tikiti, aƙalla kwana ɗaya ko biyu kafin tafiya. Wasu jiragen suna raba giya, don haka kada ka nuna kwalba da yatsa don kalarta ta yi maka kyau. Faɗi sunan abin da kake so.

Iskar cikin jirgi busasshiya ce kamar ta tsakiyar hunturu, leɓe na tsagewa, maƙogwaro na bushewa, ga sanyi. Ka tafi da rigar sanyi da safa, ka nemi bargo, ka yi ta shan ruwa. Ruwan kyauta ne, ko sau biyar ka nema.

Shan ruwa kuma shi ke kawo mu ga inda kunya ta fi kama mu. A tafiyata ta farko ina taga, wani dattijo mai kwarjini yana bakin hanya yana barci. Na kasa tashinsa. Awa uku ina juyi, ban ga fim ba, ban ga gajimare ba, ban san me na ci ba. Da ya farka ya ga yadda nake zufa a cikin wannan sanyin, sai ya ce, "Haba ɗana, ai da ka taɓa ni." Tun daga ranar nake cewa a gafarce ni in wuce. Tashin ma lafiya ne: dogon zama ba motsi na iya sa jini ya daskare a jijiyar ƙafa, musamman ga masu juna biyu da masu ƙiba da waɗanda aka yi wa aiki kwanan nan. Duk bayan awa ɗaya ko biyu ka miƙe ka ɗan taka, in kana zaune ka riƙa juya idon sawu.

Banɗakin ɗan ƙarami ne, kuma babu buta. Ka shiga da ƙaramar robar ruwa. Ka ja sakata har fitila ta kama, in ba haka ba wani zai turo. Maɓallin kora ruwa yana da ƙara kamar zai zuƙe ka, ba zai zuƙe ka ba. Kada ka malale ƙasa da ruwa, domin babu magudana, kuma mutum ɗari ne ke jiran wurin. Sigari da shisha ta lantarki haramun ne a jirgi, akwai na'urar da ke jin hayaƙi, kuma 'yan sanda za su tarbe ka a ƙasa.

Dabarar da ta fi ita ce ka yi alwala tun a filin jirgi. Wasu manyan jiragen Saudia suna da ɗan wurin salla a baya, amma yawancin jirage babu. Maganar ƙasaru da haɗa salloli da yin salla a zaune, ka zauna da malaminka kafin tafiya ya warware maka. Mai Umara da zai sauka Jidda kai tsaye ya shirya haraminsa tun a ƙasa, kada sai an yi sanarwar miƙati ya tuna yana cikin akwati a ƙarƙashin jirgi.

Yada zango: inda ake rasa jirgi

Daga Kano zuwa Alƙahira ko Addis Ababa ko Jidda tafiyar 'yan awanni ce, wajen huɗu zuwa biyar, ko da yake tun da yaƙi ya ɓarke a Sudan a Afrilun 2023 jirage da dama sun riƙa kewayawa, hanyar gabas ta ƙara tsawo. Amma mai zuwa Chana ko Indiya ko Turai sai ya canza jirgi a wani gari, kuma a nan ne 'yan sabon shiga suka fi yin asara.

Abu na farko agogo. Lokacin da ke kan tikiti na garin da kake ne, ba na Kano ba. Saudiyya da Habasha da Ƙatar suna gabanmu da awa biyu, Dubai uku, Indiya huɗu da rabi, Chana bakwai. Idan wayarka ba ta canza da kanta ba, kana zaune kana hira jirginka zai tashi.

Da ka sauka, kada ka bi ayarin masu fita gari. Nemi allon da ke nuna jirage, ka duba lambar jirginka, ba sunan gari kaɗai ba, ka je ka ga ƙofar da idonka, sannan ka nemi shayi ko masallaci. Ana canza ƙofa, ka riƙa leƙa allon. Filayen Doha da Dubai gari ne guda, wata ƙofar sai ka yi tafiyar minti ashirin. In ka rikice, nuna katinka ga duk wani mai kayan aiki. Ko ba ka jin Turanci zai nuna maka da hannu. Matambayi ba ya ɓata. Kuma tun a Kano ka tambaya: kayana za su wuce kai tsaye, ko sai na karɓa na sake bayarwa?

Sauka

Jirgi na taɓa ƙasa za ka ga mutanenmu sun miƙe suna jan jaka, alhali ko tsayawa bai yi ba. Zauna, ba inda za su. Ka duba aljihun kujera, nan ake manta fasfo da waya.

A wurin shige da fice ka tanadi adireshin masauki, da tikitin dawowa, da takardar makaranta ko gayyata. Kada ka ɗauki hoto a wurin. A wurin karɓar kaya ka gwada lambar shaidarka da ta jikin akwati, domin baƙaƙen akwatuna duk kamarsu ɗaya. Ɗaura wa naka ƙyallen atamfa tun a gida. Idan akwatin bai fito ba, ko ya fito a fashe, kada ka ce Allah ya isa ka tafi. Je teburin kamfanin kafin ka bar filin jirgin, ka cike takardar ƙorafi, ka karɓi lamba. Yarjejeniyar Montreal ta 1999, wadda Najeriya ke cikinta, ta ɗora wa kamfanonin jirage alhakin kayan da suka ɓace ko suka lalace ko suka makara, amma sai ka kai ƙorafi a rubuce kuma a kan lokaci: kwana 7 ga wanda ya lalace, 21 ga wanda ya makara.

Hajiya maƙwabciyarmu kuwa, kuka da yaji da daddawarta sun isa Makka lafiya. Goron ya zauna a Kano, ƙwayoyin ta mayar wa mai su da kanta, kuma na ji labarin ba da daɗi suka rabu ba. Da na dawo na kai mata dabino da zamzam, ta sa mini albarka ta ce yanzu duk wanda ya kawo mata abu ya ce a haɗa a saƙo, a gabansa take kwancewa.

To, ka ɗauki hotonka na taga, ka ɗora, mu ma za mu danna maka laik. Amma kafin nan ka buɗe saƙo, ka ƙirga akwati, ka tambayi abin da ba ka sani ba, ka tashi dattijon nan in ta kama. Allah ya kai ka lafiya, ya dawo mana da kai lafiya.